DUNIYA RAWAR 'YAN MATA: TARIHIN HAWA DA SAUKAR ARZIKI A KARKARAR KANO



Duk wanda ya saba da littattafanmu na hikaya ya san irin labarin nan na Alhaji mai dukiya da ya kwana da arziki ya wayi gari ko na cefane babu, ko kuma yaron ƙauye da ya shigo birni da silifas ɗaya ya zama mai gidaje. Marubutanmu sukan ɗora abin a kan hassada, ko sammu, ko sharrin kishiya, mu kuma mu karanta mu ce ai dama duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. To amma akwai wata rawar da ta fi ta mutum ɗaya girma, wadda ƙasa guda take yi gaba ɗayanta, a yi shekaru ana cikin wadata, sannan a shiga matsi, sannan a sake fita. Tambayar da nake so mu duba a yau ita ce, shin wannan rawar tana da kiɗa? Wato tana da ƙa'ida da lokacin da mai lissafi zai iya zama da alƙalami ya ce shekara kaza za ta juyo? Masana sun fi shekara 150 suna wannan muhawara, kuma a ganina babu inda ya fi dacewa a gwada maganarsu kamar gonakin arewacin Kano.

Ƙasar da ba ta hutu

In ka bar birnin Kano ka nufi arewa, ta Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har Bichi da Ɗambatta, abin da za ka lura shi ne babu daji. Gona ce ke bin gona, gida na hango gida, ga ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo a tsaitsaye cikin gonaki, kowace bishiya da mai ita. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, shi ya fi kowa nazarin wannan yanki. A 1965 shi da abokin aikinsa Wilson suka fitar da binciken da suka yi a gundumar Ungogo, inda suka nuna yadda jama'a masu ɗimbin yawa ke rayuwa a ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba a bar ta ta huta ba. Sirrin abin taki ne. Tumaki da awaki suna ɗaure da damina ana tara kashinsu, a wancan lokacin jakuna suna kai itace birni su dawo da mangalar shara da toka, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya.

Wannan cunkoso shi ya sa yankin ya zama ma'auni mai kyau. Inda daji yake da faɗi, in shekara ta ɓaci mutum sai ya sari sabuwar gona ko ya shiga farauta. A nan kuwa babu wurin gudu, gonar ƙarama ce, dole magidanci ya haɗa da sana'a da kasuwa. Saboda haka duk motsin da farashi ya yi, a tukunyar gida ake jin sa.

Zagayen da kowa ya sani

Zagaye na farko ba ya bukatar wani masani, ko yaro ya san shi. Da kaka hatsi ya yi arha, don kowa na da shi kuma kowa na neman kuɗi. Daga nan farashi ya dinga hawa sannu a hankali cikin rani da bazara, har ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, lokacin marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga kuma noma na bukatar ƙarfi. Da an fara yankan gero sai ya sake faɗowa.

Na taso ina ganin wannan a idona, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zagayen ɗaya ne amma ba iri ɗaya yake yi wa mutane ba. Mai ƙarfi yana saye da kaka ya sayar da damina. Talaka yana sayarwa da kaka, don biki da bashi da tufafin iyali, ya dawo yana awo da damina da tsada. In abin ya yi tsanani ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa ta yi ciyawa, amfaninta ya ragu, baɗi ya sake shiga rami. Ko ya ci falle, wato ya karɓi dami ɗaya ya biya biyu da kaka. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina sannan ta yi bincike a Ɗorayi kusa da Kano, ta yi dogon bayani a kan wannan tarko a littattafanta na 1972 da 1977. A zamanin Turawa kuma haraji ya ƙara wa abin nauyi, domin da kaka ake karɓarsa, da tsabar kuɗi, daidai lokacin da hatsi ba shi da daraja. Sai a 1979 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Gyaɗa, jirgi da yunwa

Zagaye na biyu shi ne mai tsawo, kuma shi ne mai rikitarwa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ta ƙi sayuwa ana iya cin ta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a fataucin goro, suka shiga tsakanin manoma da kamfanoni. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Murna ba ta daɗe ba. Daminar 1913 ta zo da fari mai tsanani, a 1914 aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, a zamanin Sarkin Kano Abbas. Mutane suka mutu da yawa, wasu suka yi kudu neman abinci. A shekarar nan kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kasuwar gyaɗa a Turai ta rikice. Ka ga duka biyu ke nan a lokaci ɗaya, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙetaren teku. Kafin wannan an yi wata yunwar a 1908, bayanta kuma aka yi ta 1927, da ta 1942 wadda ake kira 'Yar Gusau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Michael Watts ya tattara tarihin waɗannan a littafinsa na 1983 a kan yunwa a arewacin Nijeriya.

A tsakani akwai karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara daga Amurka a 1929. Farashin gyaɗa a Kano ya faɗi warwas, ya koma ƙasa da rabin yadda yake a da. Abin mamaki, maimakon manoma su rage nomanta sai suka ƙara. Dalili kuwa a fili yake, haraji bai sauka yadda farashi ya sauka ba, wanda a da buhu ɗaya ke fitar da shi yanzu sai ya kawo biyu. Ku riƙe wannan, domin yana nuna cewa lissafin da aka gina a kan manomin Turai ba lallai ya hau kan namu ba.

Bayan yaƙi aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, mai yanke farashi guda na shekara. Shekarun 1950 suka zo da ruwa mai albarka, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, a tsakiyar shekarun 1960 abin da ake saya a shekara ya kai wajen tan miliyan ɗaya. Waɗanda suka rayu a lokacin sun ɗauka haka za a dawwama. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya, a 1972 da 1973 aka yi babban fari, ruwan da ya sauka a Kano a 1973 kusan rabin abin da aka saba ne. Mortimore ya zagaya ƙauyukan ƙasar Ɗambatta a lokacin, ya rubuta yadda hatsi ya yi tsada, dabbobi suka yi arha don kowa na sayarwa, magidanta suka bazu cin rani. A 1975 cutar da kwarkwatar ganye ke yaɗawa ta gama da gyaɗa, kuɗin man fetur kuma ya janye hankalin gwamnati daga gona. Aka sake wani farin a 1983 da 1984, a 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Dala ta zama tarihi.

To yanzu mu jera manyan shekarun wahala: 1908, 1914, 1927, 1942, 1973, 1984. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce shekara 6, 13, 15, 31, 11. Ko ka cusa ƙananan shekarun ƙarancin abinci a tsakani, ba za ka sami adadi ɗaya da yake maimaita kansa ba. Amma kuma ba za ka ce babu hawa da sauka ba. Wannan ita ce matsalar da ta hana masu ƙididdiga barci.

Masu neman kiɗan rawar

Mu Musulmi mun san ƙissar Annabi Yusufu (AS) da shekaru bakwai na wadata da bakwai na fari, shi ya sa dattawanmu da yawa suke da yaƙinin cewa yunwa tana da wa'adi. Sai dai wancan wahayi ne aka yi wa Annabi a kan wani lokaci na musamman, ba a ce kowace ƙasa haka za ta dinga yi ba. Turawa ma sun yi irin wannan nema. Wani likita Bafaranshe, Clément Juglar, ya rubuta a 1862 cewa kasuwanci yana karyewa duk bayan shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya. Joseph Kitchin a 1923 ya ce akwai gajeren zagaye na wata 40. Nikolai Kondratiev na Rasha ya ce akwai dogo na wajen shekara 50, mutumin da gwamnatin Stalin ta kashe a 1938. William Jevons na Ingila har cewa ya yi ɗigon baƙin da ke fitowa a fuskar rana shi ke juya damina, damina ta juya kasuwa. William Beveridge kuwa ya ɗauki farashin alkama na Turai na sama da shekara 300 ya tace shi da lissafi, ya fito da zagaye fiye da goma a cakuɗe da juna. Mai karatu zai ga inda gizo ke saƙar, in zagaye ya kai goma, to babu abin da ba za ka iya fassarawa da shi ba bayan ya faru.

An gwada irin wannan a yankinmu. A 1981 wasu masana Faransawa biyu, Faure da Gac, suka duba ruwan Kogin Senegal suka ga ya yi ƙasa a wajen 1913, da farkon shekarun 1940, da farkon shekarun 1970, wato kusan duk shekara 30. A kan haka suka yi hasashen farin Sahel zai ƙare wajen 1985. Abin da ya faru shi ne 1984 ta zo da farin da ya fi na baya muni a wurare da yawa, ruwa kuma bai farfaɗo sosai ba sai cikin shekarun 1990. Faɗuwa uku ba ta isa a kafa doka ba. Binciken da ya biyo baya ya fi danganta ruwan Sahel da ɗumin ruwan tekuna, wanda yake sauyawa a hankali amma ba bisa agogo ba.

Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne a 1927, shekarar da ake yunwa a Kano, daga mutum biyu da kowannensu ya yi aikinsa daban. Na farko Eugen Slutsky ne a Mosko. Ya ɗebo lambobin da suka fito a cacar gwamnati, lambobin da babu wata dangantaka a tsakaninsu, ya dinga tara goma-goma yana matsawa gaba da ɗaya. Da ya zana sakamakon sai ga igiya tana hawa tana sauka, har ta yi kama da tarihin kasuwancin Ingila na ƙarni na 19. Ma'ana, tsautsayi da sa'a in suna taruwa a kan juna, su kaɗai sun isa su haifar da abin da ido zai rantse zagaye ne. Na biyu Udny Yule ne a Ingila, wanda ya kawo misalin ma'aunin agogo mai lilo da yara ke harbi da ƙwayar wake. Daga baya Ragnar Frisch na Norway ya gina wannan tunani a 1933 ya zama ginshiƙin fannin.

Bari in mayar da shi gida. Ku ɗauki lilo da aka ɗaura a reshen tsamiya. Tsawon igiyar shi ke yanke yadda zai je ya dawo. In aka tura shi sau ɗaya aka bari, zai yi ta raguwa har ya tsaya. Amma a ce yara na wucewa, wannan ya tura da ƙarfi, wancan ya taɓa kaɗan, wani ya tare shi yana tsakiyar tafiya. Lilon ba zai taɓa tsayawa ba, kuma ba za ka iya cewa ƙarfe kaza zai kai ƙarshe ba. Yaran su ne fari, da fara, da yaƙi, da faɗuwar farashi a Liverpool, da sabuwar dokar gwamnati. Igiyar kuwa ita ce yadda ƙasar take a ginuwa, wato shekara nawa akuya ke ɗauka ta mayar da garken da aka sayar, shekara nawa ake ɗauka a fanshi gonar da aka jinginar, a biya bashi, a sake cika rumbu. Aikin mai ƙididdiga na zamani shi ne ya ciro abu biyu daga jerin alƙaluma: matsakaicin tsawon zuwa da dawowa, da kuma saurin lafawar lilon bayan an ture shi. Na biyun ya fi na farko amfani nesa ba kusa ba.

Akwai ma lilon da mu da kanmu muke turawa. Bana albasa ko tumatir ya yi tsada, baɗi duk mai fadama da masu noman rani a bakin madatsun Watari da Thomas su rufu a kansa, kasuwa ta cika, a zubar da shi a bakin titi, shekara ta uku kowa ya gudu, ya sake tsada. Masana tattalin arziki sun yi wa wannan suna tun shekarun 1930, suna kwatanta zanensa da saƙar gizo-gizo. Asalinsa jinkiri ne, da farashin jiya ake shuka, da na gobe ake sayarwa.

Lokaci ba ya jiran ranar kasuwa

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi zurfi. Rayuwa gudana take yi kamar ruwan kogi. Kullum uwargida na ɗiban tiya a rumbu, kullum ana ciniki a ƙofar gida da cikin gidajen aure. Amma alƙaluman da ke hannun masana tsinto su ake yi jefi-jefi, kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi take ci, ma'aikaci yana rubuta farashi sau ɗaya a wata, rahoton Razdan sau ɗaya a shekara. Wasu masana, musamman A. W. Phillips da Rex Bergstrom, dukansu 'yan asalin New Zealand, suka ce kamata ya yi a rubuta lissafin a kan lokaci mai gudana ba yankewa, wato a kan saurin da abu ke canjawa a kowane ɗan lokaci, sannan a nemi hanyar haɗa shi da alƙaluman da aka tsinto. A 1976 Bergstrom da Wymer suka gina irin wannan lissafi ga tattalin arzikin Birtaniya.

Me ya sa wannan ya dame mu? Ku tuna yadda a fim tayar mota mai gudu takan yi kamar tana juyawa da baya. Kyamara ce ke ɗaukar hoto a tsittsinke, tayar kuma ta fi ta sauri, sai ido ya ga ƙarya. Haka alƙaluma suke. Jami'in da ba ya zuwa ƙauye sai da kaka, shekara goma yana zuwa, zai rubuta cewa rumbuna cike suke, kuma bai yi ƙarya ba, amma zagayen yunwar damina gaba ɗaya ya ɓace daga littafinsa. Wanda kuma ya ɗauki matsakaicin farashin shekara ya haɗa arhar kaka da tsadar marka ya raba biyu, ya fito da farashin da talaka bai taɓa saye ko sayarwa da shi ba. Yunwa ba a matsakaici take kashe mutum ba, a makonni shida ko takwas take yi, waɗanda lissafin shekara ke haɗiyewa. Don haka duk mai karanta tsofaffin rahotannin mulkin mallaka, ko na hukumomin yau, ya fara tambaya: yaushe aka auna, kuma sau nawa?

Lilon bai tsaya ba

Masu turin sun canja amma ba su ƙare ba. A 2005 tsadar hatsi ta jefa Nijar cikin matsananciyar yunwa, kuma farashin Maraɗi da na kasuwar Dawanau a ɗaure suke da igiya ɗaya. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. An yi ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, a 2024 hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Sannan a 2025 farashi ya faɗo, waɗanda suka saya suka ɓoye da tsammanin zagayen da suka saba suka tafka asara, manoman da suka sayi taki da tsada suka rasa yadda za su mayar da kuɗinsu. Har zagayen kaka da damina, wanda muka ce yaro ma ya sani, ya saɓa alkawari a wannan karon.

Ni dai abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, duk wanda ya ce maka ya san shekarar da wahala za ta dawo, malamin duba ne ko mai digiri da kwamfuta, ka saurare shi da kunne ɗaya. Ba mu da iko da yaran da ke tura lilo. Abin da ke hannunmu shi ne abin da zai sa ya lafa da wuri. Kakanninmu sun gane haka ba tare da alƙalami ba, shi ya sa suke da rumbun tsimi da ba a buɗewa sai ta ɓaci, suke haɗa iri huɗu a gona ɗaya, suke kiwon 'yar akuya, suke riƙe sana'ar rani, suke raya zumunci da zakka. Mortimore, wanda ya rasu a 2017, ya shafe rayuwarsa yana nuna wa duniya cewa wannan dabara ce ta sa ƙasar da aka yi ta hasashen za ta zama hamada har yau take ciyar da jama'ar da ta ninka ta da. Tambayar da ya kamata hukuma da masu hali su yi ita ce, me zai hana magidanci sayar da hatsinsa da arha a watan Nuwamba, kuma wa zai buɗe masa rumbu a watan Agusta?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raba mu da ranar da mudu zai gagari mai iyali. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.